Sabon Inji a Tsohon Ɗaki: Aikin Mai Sauya Kayan Gidan Gem a Illela

A takardar da kamfanin Sony ke sakawa cikin kwalin PlayStation 4 an rubuta cewa injin yana aiki lafiya ne tsakanin digiri 5 zuwa 35 a ma'aunin zafi. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Illela ya san tun hantsi bai gama duban ludayi ba an wuce 35. Da azahar ma'auni kan haura 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Idan bazara ta wuce, damina ta shige, hunturu zai zo da ƙurarsa mai laushi wadda rufe ƙofa ba ya hana ta shiga. Wutar lantarki kuma, ranar da ta ga damar zuwa, ba ta zuwa da ƙarfi ɗaya. Injin da aka ƙera domin falo mai sanyi a Tokyo ko Landan, shi ake so ya yi aiki a nan tun la'asar har tsakar dare, samari takwas na ihu a kansa. Yana kuwa yi, muddin ya faɗa hannun wanda ya san aikin.

A Illela kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Kware da Gwadabawa take ƙarewa. Kana wuce shingen kwastan ka kama hanyar Birnin Konni a Jamhuriyar Nijar. Garin kasuwa ne. Ranar Lahadi dabbobi da hatsi da jama'a kan cika shi, naira da sefa na sauya hannu. Inda kuɗi ke yawo samari na taruwa, ba a rasa gidan kallon ƙwallo, ba a kuma rasa gidan gem: shago ɗaya, bencina, talabijin uku ko huɗu, a biya kuɗin wasa a zauna a fafata. Shekara da shekaru PlayStation 2 ce ta riƙe irin waɗannan shaguna a faɗin Arewa. A 2000 ta fito, an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, ga ta da juriya. Sai dai tun farkon 2013 aka daina ƙera ta, wasannin ƙwallo na ƙarshe da aka yi mata su ne FIFA 14 da PES 2014. Ana yi musu kwaskwarima a cusa sababbin sunaye, amma yaron da ya ga Osimhen a wayar yayansa, da fuskarsa da irin gudunsa, ba zai ci gaba da biyan kuɗi yana korar wani dusasshen hoto ba. Ranar da benci ya fara zama fayau, mai shago ya san sauyi ya zama dole.

Masu manyan wuraren shaƙatawa na duniya ma wannan ciwon ke damunsu. A Disney World da ke jihar Fulorida ta Amurka an buɗe wani gini mai hawa biyar a 1998, DisneyQuest, cike da wasannin kwamfuta daga ƙasa har sama. Da kayan cikinsa suka tsufa aka rufe shi a Yulin 2017, aka rushe ginin baki ɗaya, aka gina wurin wasan ƙwallon kwando mai suna NBA Experience a gurbinsa, aka buɗe a Agustan 2019. Wata bakwai ya yi annobar korona ta rufe shi a Maris ɗin 2020, bai sake buɗewa ba. Su can suna da kuɗin rushewa. Mai shago a Illela ba shi da su, don haka yakan nemo mutum ɗaya mai jakar kayan aiki da yaronsa, ya ce a fitar da tsoho a shigar da sabo, kada a yi asarar ko da sukuru ɗaya.

Zuwansa na farko ba ya kwance komai. Mita kawai yake fitarwa, wata 'yar na'ura mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da ke nuna ƙarfin wuta da lamba. Yakan zaɓi magariba, lokacin da kowane gida ya kunna abin da yake da shi, ya soka bakin wayoyin a soket. Ƙa'idar wutar Najeriya bolt 230 ce, amma a layin da ya yi nauyi lambar kan faɗo nesa da haka, ta kuma yi tsalle ta wuce ƙa'ida sa'ad da aka dawo da wuta bayan ɗaukewa. Sai ya sa a tada janareta ya sake aunawa, a kunna fanka, a kunna talabijin ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan lambar, kunnensa na kan muryar injin, ko tana nan daram ko ta fara nishi. Daga nan ya ɗaga kai ya dubi rufi, akwai silin ko kwano ne tsirara. Ya dubi inda rana ke faɗowa da yamma. Ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, wuri-wuri, yana jin inda bulo ya yi tauri da inda aka yi rowar siminti.

Sannan lissafi, a bayan kwalin da ya tsinta. PS4 ta farko, mai kauri, takan ci wat 140 ko kusa da haka idan wasa ya yi zafi. Siririyar da ta biyo bayanta ba ta kai nan ba. Talabijin maras doro, wadda kowa ke kira filasma, mai inci 32 zuwa 43, a ba ta wat 50 zuwa 60. Kowane mazauni ke nan wat 200, huɗu 800. A ƙara fanka biyu da ƙwayaye da cajin wayoyin da samari ba sa rasa jonawa, an taɓa 1,000. Ɗan ƙaramin janaretan nan mai shan fetur gauraye da baƙin mai, wanda aka rubuta wa 950 a jiki, abin da yake iya ɗauka na haƙiƙa bai wuce wat 650 ba. Shi ya riƙe tsofaffin kayan da ƙyar, sababbin kuwa sun fi ƙarfinsa. Nan ne ake fara jayayya da mai shago, wanda ya riga ya ƙare kasafinsa a kan inji da talabijin.

"Alhaji, wanga ɗaki sai an buɗe mishi taga ta bayan injuna, kuma wanga janareta ba ya kai mu," in ji mai gyara. Alhaji ya ce a yi maneji tukuna. Mai gyara ba ya musu, yakan miƙa masa kwalin lissafin kawai, ya faɗa masa kuɗin inji ɗaya idan ya ƙone. Yawanci nan maganar ke ƙarewa.

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, masu shaguna da dama suka koma tunanin sola. Shi ma lissafinsa daban. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200 yana ɗauke da wutar da za ta ba da wat 2,400 na awa ɗaya, amma irin na ruwa ko na dalma rabin wannan kawai ake sha idan ana so ya yi kwana. Awa huɗu na dare a kan wat 1,000 na bukatar batir huɗu ke nan. Inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket, dole ta zama mai fitar da wuta santala, don mai araha da ke fitar da ita a kakkarye tana sa fanka gurnani, tana kuma gajiyar da inji. Farantan sola yakan fuskantar da su kudu, ya ɗan kishingiɗar da su kamar digiri 13 zuwa 15, daidai da nisan Illela daga tsakiyar duniya, ya kuma bar hanyar da yaro zai hau ya goge su, domin ƙurar mako ɗaya ta isa ta rage musu ƙarfi.

Ranar kwance tsofaffin kaya ita ce ranar da 'yan zaman benci ke cika ƙofar shago. Kowa da shawararsa. Wani ya ce ai jonawa ce kawai, minti goma ta isa. Mai gyara ba ya tanka musu. Yaronsa ya riga ya shimfiɗa buhu, ya ajiye kiret ɗin ƙwai na kwali a gefe, kowane rami da irin sukurun da zai shiga cikinsa.

Tsohuwar talabijin mai doro ba a ɗaukarta da garaje. Nauyinta duk yana gaba, wajen gilashi, shi ya sa ake rungumarta fuska na kallon ƙirji. Kuma ko an zare ta daga wuta takan riƙe caji mai ƙarfi a cikinta, don haka yaro ba ya buɗe bayanta sai maigidansa ya sauke cajin da kansa. Wayoyin nan masu kai uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti, ana naɗe kowace a ɗaure. Kowace PS2 ana kunna ta a gwada kafin a ajiye: wadda ke karanta faifai gefe guda, wadda idonta ya mutu amma tana ɗaukar wasa daga filashi gefe guda, wadda ta mutu murus kuma a cire mata fanka da akwatin wuta da maɓallai. Masu rai za su sami mai saye a ƙauyukan da ba a kai ga sabon yayi ba, kuɗinsu ya rage wa Alhaji nauyi. A kan mai kauri wadda ta fito daga Amurka yakan manna takarda ya rubuta 110, don wutarta ke nan. Wanda ya jona ta kai tsaye a soket ɗinmu zai ji ƙara ɗaya da ƙauri, shi ke nan.

Da ɗaki ya zama wayam sai aikin waya, wanda babu mai yabawa saboda ba a ganinsa. Tsofaffin wayoyin da aka yi ta ɗaurawa da leda yakan fizge su duka. Ta soket mai lamba 2.5 yake ja, ta ƙwai 1.5, kuma kafin ya saya yakan kankare bakinta da wuƙa ya ga ko jan ƙarfe ne har ciki ko farin ƙarfe aka shafa wa launi. Kowane mazauni da soket ɗinsa, ba a ɗora huɗu a kan jela ɗaya. Sai canjoba, makunnin da ke raba wutar gari da ta janareta yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. Sai mai gadi, ɗan akwatin da ke yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ya kuma jinkirta ta na ɗan lokaci bayan an dawo da ita, har ta natsu.

Akwai waya ta uku da masu gaggawa ke tsallakewa, ta ƙasa, wadda ke janye wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa maimakon jikin mutum. A wuri mai rairayi da bushewa irin wannan, soka sandar ƙarfe kawai ba ya wadatarwa, don busasshen yashi ba ya karɓar wuta. Yakan haƙa rami mai zurfi a inda ruwan wanke-wanke ko na alwala ke bi, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri a kewaye, ya jiƙa sosai kafin ya rufe. Gawayi na riƙe danshi, gishiri na buɗe wa wuta hanya.

Zaman bakin iyaka ma na da nasa ɗan ciwon kai. Soket ɗin Najeriya mai baki uku ne masu kusurwa, irin na Ingila. Kayan da suka biyo ta Nijar kuwa sukan zo da kai mai ƙafa biyu zagayayyu, irin na Faransa. Abin da aka saba shi ne a tura tsinke a ramin sama a danna kan da ƙarfi. Yana shiga, amma ba ya kamawa, sai ya riƙa tartsatsi a ɓoye har roba ta narke. Shi yakan sauya wayar baki ɗaya, ko ya yanke kan ya ɗaura mai baki uku da fis a cikinsa. Injin kansa ba ruwansa, PS4 na karɓar wuta daga bolt 100 har 240. Abin da kan rikita yara shi ne rubutun allo da ya zo da Faransanci, ko injin da ya fito daga Japan wanda maɓallin da'ira ne ke cewa to, na gicciye ya ce a'a. Duka biyun yakan daidaita su tun kafin kowa ya zauna.

Injunan da ake kira sababbi, a gaskiya na hannu ne. PS4 ta fito a Nuwamban 2013, PS5 a Nuwamban 2020, kuma tun da masu hali a Turai suka koma ta biyar, ta huɗun ke gangarowa ta Alaba a Legas da kasuwannin Kano. Ita ce daidai aljihun mai shago, ga shi har FC 25, magajin FIFA tun da kamfanin EA ya sauya sunan wasan a 2023, ya fito a kanta. To amma injin da ya yi shekaru a ɗakin wani ba a san abin da ya haɗiya ba. Don haka mai gyara ba ya yarda da cewa yana kawo hoto. Sai ya buɗe.

Kafin ya taɓa cikin inji yakan dafa ƙarfen ƙofa ko na taga. Da hunturu, busasshiyar iska kan tara wa jiki wata 'yar wuta, irin wadda ke ɗan harbin mutum idan ya taɓa mota. Mutum ba ta yi masa komai, amma tana iya kashe ƙananan sassan da ke kan allon inji. Sukurorin bayan PS4 suna ɓoye ƙarƙashin 'yan takardu, kansu mai tauraro ne da ɗan tsini a tsakiya, sukudireba ta gida ba ta kama su. Yana da tasa mai rami a baki. Wanda ba shi da ita yakan tura wuƙa ya cinye kan sukurun, ya bar wa na gaba wahala. Murfi ya tashi, sai akwatin wuta, kuma nan yakan fara leƙawa da tocila, saboda kyankyasai na son ɗuminsa da duhunsa, gawarsu kuma kan haɗa wuta inda bai kamata ba. Sai fanka. "Kai, riƙe ta, kar ka bari ta juya," yake ce wa yaro kafin ya saka buluwa. Fankar da iska ta juya fiye da ƙima takan lalace a gindi, har ta tura wuta baya cikin allo.

Mafi yawan masu gyaran ganin ido a nan suke tsayawa, su busa fanka su rufe. Ciwon yana can gaba. Bayan fankar akwai wasu siraran faranta na ƙarfe jere da juna, waɗanda iska ke ratsawa ta kwashe zafi ta fitar ta baya. A bakinsu ƙura ke taruwa ta dunƙule ta zama kamar bargo, ta toshe hanya. Fanka ta yi ta ihu, iska ba ta wucewa. Kafin a kai gare su sai an cire ma'ajiyar wasanni, an zare siraran wayoyin nan masu kama da leda ɗaya bayan ɗaya, kowace a ɗaga ɗan maƙullinta da farce kafin a ja, sannan a ɗaga allon gaba ɗaya. Da buroshin haƙori da ya tsufa yake tsefe farantan, ya ɗaga su saitin haske, sai ya hango rana ta kowane tsakani zai ajiye.

A tsakiyar allon akwai ƙwaƙwalwar injin, ɗan murabba'i mai sheƙi da kamfanin AMD ya ƙera, wanda lissafi da zanen hoto duk a cikinsa ake yi. Tsakaninsa da ƙarfen da ke janye zafi akwai wani man shafawa mai ruwan toka. Amfaninsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, don ko'ina ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Bayan shekaru man kan bushe ya tsattsage. Yakan goge tsohon da auduga da sifirit, a hankali, ba ya kankarewa da ƙarfe, har fuskar ta fito tas. Sai ɗigo ɗaya na sabo a tsakiya, bai wuce ƙwayar wake ba. Ba ya shafawa da yatsa. Matsi ne zai baje shi. Wajen ɗaure maƙallin baya mai sukuru biyu, ba ya ƙarasa ɗaya kafin ya taɓa ɗayan: juyi biyu nan, juyi biyu can, har su kai tare. Idan aka ɗaure gefe guda tukuna, man zai gudu ɗaya gefen, wata kusurwa ta zauna a bushe tana ƙuna. Ƙananan katifun roba da ke kan sassan ajiyar bayanai kuma yakan ƙirga su kafin ya rufe, don sukan maƙale a murfi su faɗi ba a sani ba. Da aka kunna, injin da ɗazu ake jin kukansa daga bakin titi sai ka kara kunne kafin ka tabbatar yana aiki.

Rataye talabijin ba ya cin lokaci idan bango na da kirki. Yakan zauna a benci da kansa ya sa yaro ya yi alama daidai saitin idonsa, ya ɗora ma'aunin ruwa ya ga kumfar ta tsaya a tsakiya, sannan ya huda. Inda bulo ke marmashewa, sai ya ratsa bangon da dogon noti ya tare shi da katako ta waje. Ba ya bari fuskar talabijin ta kalli ƙofar yamma. Injin kuwa a kan kanta yake zama, sama da ƙasa inda ƙura ta fi yawa, cikin kejin ƙarfe mai raga da mai walda ya haɗa, da tazarar tafin hannu ko fiye a bayansa. Akwatin katako mai rufi, wanda masu shago ke so saboda tsoron ɓarayi, yakan ƙi shi ƙememe, don injin zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar ne.

Wayar hoto ta zamani, HDMI, bakinta na da 'yan ƙananan ƙafafu 19, kuma ramin da take shiga a bayan PS4 yana cikin wuraren da suka fi saurin lalacewa. Yaro ɗaya ya taka waya ya fizge, an tafi wajen mai buluwar zafi. Saboda haka yakan ɗaure wayar a jikin keji, ya bar mata ɗan sako-sako kafin bakin, ta yadda duk abin da ya ja ta kejin zai ja. Akwai kuma abu ɗaya a cikin saitin talabijin da ba kowa ya sani ba. Filasma takan tsaya gyara hoto kafin ta nuna shi, wannan ɗan jinkirin kuma, ko da bai kai ƙiftawar ido ba, mai wasa na jin sa a yatsa: ya danna, ɗan wasa ya makara. Yakan shiga ya zaɓi yanayin wasa, ya kashe duk kwalliyar. Samarin ba za su san abin da aka yi ba, za dai su ce talabijin ɗin gidan nan ta fi ta gidan can jin magana.

Inda na fi jin daɗin kallonsa shi ne wajen hannu, abin da mai wasa ke riƙewa yana dannawa, wasu su ce fad. Shi ke shan wahalar gidan gem: gumi, maiƙon ƙosai, jifa idan an sha kashi. Na hannu ne su ma suke zuwa, kuma kafin ya kwance yakan auna nauyinsu a tafinsa, don jabu ya fi sauƙi. Sukuru huɗu ne a baya. Yana raba murfin a hankali saboda wata siririyar waya da ta haɗa sama da ƙasa. Daga kallon robar da ke ƙarƙashin maɓallai yakan faɗi wasan da aka fi yi da hannun. Idan R1 da murabba'i ne suka cinye, 'yan PES ne, don da su ake gudu da buga ƙwallo a can. Idan R2 da da'ira ne, 'yan FIFA ne.

Babbar cutar hannu ita ce ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Ƙarƙashin kowace sandar da babban yatsa ke juyawa akwai 'yan akwatuna biyu, ɗaya na lura da sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. A cikin kowanne akwai zoben baƙin gawayi da ɗan ƙarfe mai gogarsa. Inda ƙarfen ya tsaya, nan injin ke karanta matsayin sanda. Yau da gobe zoben kan cinye, ko datti ya hau shi, sai injin ya ɗauka ana turawa alhali ba a turawa. Mai gyara yana da matakai uku, kuma ba ya tsallake na farko don na uku ya fi kuɗi. Yakan fara da ɗigon sifirit ya jujjuya sandar. Idan bai yi ba, ya ɓalle gefen akwatin da bakin allura, ya goge zoben, ya sauya ɗan ƙarfen da wanda ya ciro daga mataccen hannu. Sai idan zoben ya cinye ne yake sauya sandar gaba ɗaya, ita kuwa ƙafafu 14 gare ta a liƙe cikin allo.

Nan wata dabara take. Dalmar da masana'anta ke liƙi da ita ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 217, wadda masu gyara ke saye a naɗe kuwa tun wajen 185 take sakin jiki. Wanda bai sani ba yakan danna ƙarfen soda ya yi ta jira har allon ya ƙone, siraran hanyoyin wuta su ɗago. Shi sai ya ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar tukuna, su gauraya, su narke da wuri, sannan ya zuƙe da ɗan famfon hannu, ƙafa bayan ƙafa, har ramuka 14 su buɗe sandar ta faɗo da kanta. Ba ya ja. Sabuwar ta zauna daram, ya liƙa kusurwa biyu masu kallon juna, ya duba ba ta karkace ba, sannan ya ƙarasa sauran. Kowane liƙi ya fito da sheƙi da ɗan tudu. Yaron na tsugune yana riƙe tocila, bai ce uffan ba, amma matattun hannayen da ake ba shi ya koya a kansu sun fara fitowa da irin wannan sheƙin.

Ba ya miƙa shago ranar da ya gama. Yakan kunna mazaunan duka lokaci ɗaya da tsakar rana, ya bar su suna wasa awa biyu ko uku, yana zagayawa yana dafa bayan kowane inji da kowane soket da bayan hannu. Soket ɗin da ya yi ɗumi, akwai sukurun da bai ɗauru ba. Ya sa a juya canjoba ya ga ko mai gadi ya yi aikinsa. Sai a sa'an nan 'yan benci ke samun abin da suka yini suna jira, a ba su hannu su gwada kyauta.

Sauran magana da yaron shago ake yinta, ba da Alhaji ba, don shi ne zai kwana da kayan. Kada a zare waya inji na kunne, a kashe shi ta maɓalli a jira fitilarsa ta daina ƙiftawa, in ba haka ba ma'ajiyar wasanni za ta rikice. Idan man janareta ya kusa ƙarewa a kashe injuna tukuna. Idan inji ya yi ƙara ya nuna jan haske, zafi ne, a bar shi ya huce, kada a yi masa fifita da rigar da aka jiƙa. A yayyafa ruwa kafin shara, a rufe kejin da ƙyalle da dare, a kuma cire ƙyallen kafin a kunna. Busa ƙura ta wata-wata yaron mai gyara ne zai riƙa zuwa yi, a kan kuɗin da suka yanke da Alhaji. Buɗe inji da duba man zafi kuwa sai mai gyara da kansa, sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen Fabrairu.